Ƙullin Inna Ige a Gidan Talabijin

Ni dai ban yi boko mai nisa ba. Aji uku na kai, shi ma malamin da kansa ya rako ni har bakin ƙofa ya ce in gaida mutanen gida. Saboda haka wanda ya ga rubutun nan ya karkace ya yi haƙuri, mai shi ma a karkace yake. Shekara arba'in da ɗoriya na yi ina dillancin hatsi a kasuwar Sakkwato, kuma in ana neman wanda zai dafa buhu ya rantse geron bara na bana ne, ni ake aikawa a kira. Na faɗi wannan tun da wuri don kada a kai ƙarshe a zaci mutumin kirki ne ke kuka.

A Ƙofar Marke aka haife ni, gidan ƙasa mai zaure biyu da bishiyar dogon yaro a tsakar gida. Mai gidan a takarda babana ne, amma mai gidan na gaskiya ita ce uwarsa, kakata Ige, wadda unguwa duka ke kira Inna Ige. Sana'arta saƙar kaba: faifai, tabarma, mahuci. Ban taɓa ganin hannunta a zaune ba. In an sauke tukunyar tuwo, wuta ta lafa ta bar garwashi, sai ta jawo 'yar kujerarta bakin murhu, mu kuma jikoki da 'ya'yan maƙwabta mu tusa dankali cikin toka mu kewaye ta. Tsakanin magariba da lisha ne lokacinta, ba ta ƙara ko kaɗan. Da ladan ya ɗaga murya za ta miƙe, ko da kura ta yi tsalle tana sama ba ta sauko ba.

Tana da yadda take buɗe tatsuniya, ban ji shi bakin kowa ba. Sai ta karkata kunne wajen ƙofa ta ce, "Na ji sallama bakin zaure."

Mu ce, "A shigo da ita."

"Ba ta da takalmi hwa."

"Ta tako haka nan."

In kuma ta ƙare sai ta kakkaɓe zanenta ta ce, "Ta sa takalmin wani ta tahi." Kowa ya waiwaya ya duba nasa.

Ni take kira mijinta, yadda kakanni ke yi wa jikoki, sai dai nawa sunan da jela yake zuwa. "Mijina na banza, wanda bai taɓa kawo ko gishiri ba." In ce mata, "Ke ma ai tuwonki gudaji ne." Ta ɗaga mahuci, in goce. A cikin jikokinta goma sha wani abu ni na fi shan mahucin nan, kuma ni take ɓoye wa ƙanzo.

Tatsuniyoyinta suna da yawa, amma akwai guda da ba ta fiye yi ba, ta ƙwarya. Ga yadda take, iyakar inda na sani.

Wai wata tsohuwa mai dakau ta tsinci ƙwarya a bakin gulbi. Ta kai gida ta zuba ruwa, ta leƙa, sai ba ta ga fuskarta ba. Maƙwabciyarta ta gani, zaune gaban murhun da ba wuta, yara na kallonta. Ta ɗebi tsaba ta aika mata. Ashe halin ƙwaryar ke nan: duk wanda ya leƙa ba ya ganin kansa, wani yake gani daga cikin mutanen garin, a yadda yake a wannan sa'a. Tsohuwa ta ajiye ta a ƙofar gida. Mai wucewa ya leƙa ya ga wanda aka yi wa haihuwa, ya tafi barka. Wani ya ga wanda jakinsa ya faɗa rami, ya ɗauki igiya. Abu ɗaya ne, ƙwaryar tana shan ruwa. Dole kowane gida ya kawo ludayi guda kullum, in ba haka ba ta bushe. Kuma ana kawowa, ba wanda aka taɓa yi wa tuni.

Sai mai gari ya ce abu irin wannan bai dace da ƙofar mai dakau ba, aka kai ta ƙofarsa. Ya leƙa, ya ga wani gurgu yana gyaran takalmi. Ya sake leƙawa, ya ga mai tallan kuka. Inna Ige takan kumbura kumatu a nan ta yi muryarsa: "Shin ni ba mutum ba na? Mi as sa ba ta nuna ni?" Aka kira masu magani suka yi ta turare har ƙwarya ta koyi nuna mai ita. Sarkin da ke sama da mai gari ya ji labari ya aiko aka ɗauka. Wanda ke sama da shi ma ya aiko. Kowa ya karɓa sai ya sa a gyara ta ta nuna shi. Mutanen gari kuwa suka ce ba za su yi tafiyar kwana uku da ludayi a hannu don su ga rawanin wani ba. Ruwa ya janye, ƙwarya ta tsage, aka jefa ta bayan gida ana zuba wa kaji dusa.

Bayan shekaru sai jikanyar tsohuwar nan ta cika ludayi da ruwa ta fita nemanta. Ƙofar da ta je duk sai a ce, ba tamu ba ce, tambayi gaba. Har ta same ta a tsakiyar kaji. Ta kore su, ta durƙusa, ta ɗaga ludayin.

Nan ilimina ya ƙare.

Ba don Inna Ige ba ta ƙarasa ba. Sau uku aka yi ta ina wurin. Na farko na saka wa ɗan baffana Shehu kwaɗo a riga tun ƙwarya na ƙofar mai gari, aka fitar da ni da kunne. Na biyu na saci dankalin wani daga toka na jefa baki da zafinsa, aka ƙare tatsuniyar kaina na cikin randa. Na uku shi ne dalilin rubutun nan.

A shekarun nan ne gwamnatin jiha ta buɗe gidan talabijin a garinmu. A unguwarmu mutum ɗaya ke da akwatin, wani Alhaji mai sayar da yadi. Da la'asar sakaliya ake fito da shi a ɗora kan benci a ƙofar gida, mu zauna a ƙasa muna kallon allon yana yayyafi kamar an watsa gero, har tasha ta buɗe. Ba launi, fari ne da baƙi, amma abin da ke ciki namu ne. Mun ga masu su na Kwalkwalawa suna jan taru. Mun ga majemin da muke toshe hanci in mun wuce gidansa, ya sa babbar riga yana bayani kamar alƙali. Wata rana aka nuna kasuwa, wani ya hango ƙeyar kawunsa, aka yi mako ana zuwa yi musu barka. Ba wanda ke cewa tashar gwamnati. Tasharmu muke cewa, kamar da gumin babanmu aka gina ta.

Bakin murhu ya fara raguwa. Inna Ige ba ta yi ƙorafi ba, sai dai in mun dawo ta ce, "Mi akwatin yac ce yau? Ya san sunanku?"

Akwai wani saurayi gida uku tsakaninmu, Malam Bello, yana aikin ɗaukar hoto a tashar. Shi ma a bakin murhun nan ya tashi. Ranar nan ya yi sallama ya durƙusa ya ce sun fara shirin tatsuniya, kuma da ita yake son a buɗe.

"Gobe da hantsi za mu zo da kaya, Inna."

"Da hantsi? Bello, uwarka ba ta hwaɗa maka ba a tatsuniya da rana? Mai yi shina ɓacewa. In bai ɓace ba abin da yah hwaɗi shi ɓace."

"Na sani, Inna. Na'urar ce ba ta gani in duhu ya yi, babbar fitilarmu kuma ta ƙone, an aika a kawo wata."

"Ashe makauniya kunka saye da kuɗɗin mutane."

Ya yi dariya, ya ci gaba da roƙo. Uwarsa ƙawarta ce tun suna 'yan mata, don haka ta yarda, amma da sharaɗi irin na mutanen da. In dole ta sa za a yi tatsuniya rana na sama, sai an ɗaure ta tukuna, in rana ta faɗi a kwance.

Washegari suka zo da farar mota mai tsani a baya. Aka shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin dogon yaro, aka hura murhu rana tsaka don hoto ya yi kyau, Inna Ige na gumi tana hararar Bello. Kafin a fara ta zaro silin kaba guda, ta yi magana a kansa ƙasa-ƙasa, ta yi masa ƙulli irin wanda take rufe bakin faifai da shi, biyu cikin juna. Mai faɗin tatsuniya ba ya riƙe ƙullinsa, sai wani. Ta dubi jikokinta ɗaya bayan ɗaya. Ga Shehu mai hankali, ga yayyena mata. Ta miƙo mini.

"Riƙe, mijina. Hannunka shi samu aiki shi bar jikin mutane. In rana ta hwaɗi ka kawo man in kwance, ta koma gida. In ba a kwance ba tana nan inda anka bar ta."

Na riƙe, wallahi na riƙe. Har ƙwarya ta bar ƙofar mai gari, har ta tsage, ina zaune kamar ɗan kirki, ina jin daɗin an zaɓe ni. Sai idona ya faɗa ta zaure na hango motar nan, direba ya tafi shan fura, tsani na kallona. Hawa tsani sai da hannu biyu, rigata kuma ba aljihu. A gefen tabarma ga gidan kaset ɗinsu a buɗe, baƙar roba mai girman bulo, kaset ɗin na cikin na'ura. Na ce nan ba mai taɓawa. Na jefa kabar ciki na sulale. Ina bakin zaure na ji muryarta a bayana tana cewa yarinya ta kore kaji, ta durƙusa, ta ɗaga ludayin.

Daga saman motar na ga rufin unguwarmu duka, na ga shanyar kowane gida. Na daɗe ina mulki. Da na sauko an gama, Bello ya mayar da kaset gidansa ya rufe ya sa a jaka. Ina tsaye suka tayar da mota.

Da magariba ta ce, "Mijina, kawo ajiyata."

Na riga na shirya. Na saci wani silin na ƙulla, na murza shi da ƙasa. Ta karɓa ta juya shi a hasken garwashi, ba ta ko kai shi kusa da ido ba.

"Wanga ƙullin ɓarawon akuya na. Ina nawa?"

"Akuya ta cinye."

Da na faɗi gaskiya, gidan Bello taku hamsin ne. Amma na taɓa kayan gwamnati, na hau motar gwamnati, kuma na san bulalar babana. Na zaɓi akuya. Ina jiran mahuci, bai zo ba. Ta jefa ƙullina cikin wuta ta ce, "To. Ta zauna can." Ta buɗe wata tatsuniyar daban.

Daga ranar ba ta sake yin ta ƙwarya ba. In yara sun roƙa sai ta nuna ni da haɓa: "Tana hannun mijina, ku tambaye shi." Ban damu sosai ba, don ina da dabara. Ai za a nuna a akwatin Alhaji, in zauna gaba in ji ƙarshen, ba wanda ya isa ya kore ni.

Bello ya ce ranar Alhamis. Unguwa ta taru, har matan da ba su fita suka leƙo ta katanga. Lokaci ya yi sai muka ga wasu mutane da kwat suna Turanci. Alhamis ta gaba ma haka. Da muka tare Bello ya ce abubuwa sun canja: gwamnatin tarayya ta karɓe gidajen talabijin na jihohi duka ta haɗe su wuri guda, yanzu daga can sama ake aiko abin da za a sa a wannan lokacin. Amma kaset na nan, za a samar masa wuri. Aka goge sunan da ke jikin farar motar aka rubuta wani. Kafin a samar masa wuri aka yi wa Bello canjin aiki zuwa wani gari, bai sake zama Sakkwato ba. Bayan damina uku Inna Ige ta kwanta ciwon kwana biyu, ta tafi. Ina cikin waɗanda suka ɗebo ruwan wankanta, ban faɗa mata ba akuya ba ce.

Sauran tarihin tashar a kan buhun gero na kalle shi, a talabijin ɗin mai shayin bakin rumfarmu. Jiha ta ga an karɓe mata tata, bayan wasu shekaru ta sake gina wata, muka koma da biyu. Aka tsaga jihar, aka sake tsagawa, ma'aikata suka rabu kowa ya bi garinsu. Soja su zo, farar hula su zo. Launi ya shigo, sai dai abin da launin ke nunawa ya ragu. Babba ya yanka ƙyalle. Babba ya zauna a kujera. Babba ya tashi daga kujera, ana tafi. In an sake gwamnati sai fuskar ta sake, kujerar na nan. Ban ce ba a yin wani abin kirki ba, akwai yaran da ke ƙoƙari da tsofaffin kaya, amma na daɗe ban ga ƙeyar kawun kowa ba. Daga baya kowa ya kafa faranti a rufin gida yana kallon ƙasashen da ba su san da mu ba, yanzu kuma waya ta cinye duka. Ban tuna ranar da na ji wani ya ce tasharmu ba.

Na taɓa tambayar Shehu ƙarshen tatsuniyar. Lokacin ya tara gemu ya zama na sahun gaba a masallaci. Ya ce shi ya daɗe da share ƙarya daga kansa, in ma ina da hankali in yi haka. Yayyena mata da suka ji ta duk sun riga mu gidan gaskiya, Bello kuwa ban sake jin ɗuriyarsa ba.

Yanzu gwiwa ta hana ni kasuwa, ina zaune unguwar Arkilla gidan ɗana ma'aikaci. Yana da 'ya, Nana, shekararta takwas, bakinta irin na Inna Ige sak. Wata magariba aka ɗauke wuta, wayar uwarta ba caji, ta zo ta zauna kusa da ni don ba abin yi.

"Tsoho, ba ka iya komai ba? Ko labari?"

Na ji bakina ya ce, "Na ji sallama bakin zaure." Na koya mata amsa. Na ba ta ta ƙwarya har inda yarinya ta ɗaga ludayi, na tsaya nan.

"Sai me?"

"Sai gobe, amarya."

"Ba ka sani ba ne."

"Na san inda aka ajiye shi."

Da safe na hau keke napep na tafi tashar tarayya. Wani yaro mai ladabi ya ba ni kujera ya ce, "Baba, wace shekara aka ɗauka?"

"Shekarar da haƙorana ke cike."

Ya yi murmushi ya shiga ciki ya daɗe. Ya dawo ya ce in dai kafin karɓewa ne, kayan jiha ne, yana jin an mayar musu. Na je ta jiha. Wata mata ta ce lokacin da nake magana ba a ma haƙa harsashin gininsu ba, in koma inda na fito. Na je ma'aikatar da ke kula da su, aka ce ai da aka tsaga jiha an raba kaya, mai yiwuwa yana wata jihar, wacce daga ciki kuwa sai Allah. Ba wanda ya wulaƙanta ni. Kowa ya ba ni ruwa, kowa ya nuna mini gaba.

Ina fitowa daga waje na uku wani tsohon mai gadi ya ƙura mini ido.

"Ba kai ne Ummaru dillali ba? Kai ka sa na sayi gero rabinsa tsakuwa."

"Tsakuwar ma ai mai kyau ce, Malam."

Ya yi dariya har da tari, ya tambayi abin da ya kawo ni. Da ya ji sai ya ce in nemi Malam Garba, tsohon mai kula da ɗakin ajiya. Ya yi ritaya tuntuni, amma mabuɗin wani ɗaki a bayan tsohon ginin na wurinsa har yau. Ya je mayarwa sau biyu, kowane ofis ya ce ɗakin ba ya cikin nasa.

Malam Garba ya kai ni. Rufin ɗakin ya buɗe ta kusurwa guda, jemagu sun yi gari, gara ta ci katakon jera kaya ta bar ƙusa. Kaset kuwa ga su nan jibge har kusan ƙirjina, wasu sun narke sun manne da juna. Kwana uku muna zuwa, shi da tabarau, ni da gwiwa. Na ce karatuna bai yi nisa ba, amma sunanta harafi uku ne, kuma su ne na fara satar alli na rubuta a ƙofar ɗakinta. A rana ta uku na gan su a jikin wata baƙar roba: IGE. An ja layi a kansu. A ƙasa akwai wasu rubuce-rubucen, kowanne da irin birosa, kowanne an ja masa layi ban da na ƙarshe.

"Karanta mini, Malam."

Ya gyara tabarau. "Buɗe rijiyar burtsatse. Ziyarar babban baƙo. Bikin rantsarwa. Na ƙarshen ruwa ya wanke, amma shi ma wani taro ne."

"To, ita tana ina?"

"A ƙarƙashinsu, in ana cewa ƙarƙashi. In aka ɗauki sabo a kan tsoho, tsohon ya tafi." Ya zauna a kan wani akwati. "Kaset tsada gare shi a lokacin, daga waje ake kawowa. In babba zai fita kuma ba sabo, sai a ce Garba duba mana wanda mai shi ba zai zo tambaya ba. Ni nake dubawa. Kila ma ni na miƙa wannan."

"Ga shi na zo."

"Ka zo." Ya dubi ƙasa. "Ko da ba a taɓa shi ba, injin da ke karanta irinsa na ƙarshe 'yan gwangwan masu sayen tsohon ƙarfe suka auna shi."

Na buɗe gidan na ɗaga kaset ɗin. Kabar tana nan a ƙasa. Ta yi lebur, ta yi launin toka, ƙulli biyu cikin juna. Masu tasha sun sake sau nawa, an ciro kaset ɗin nan an mayar sau nawa, ba wanda ya ga ya kamata ya busar da ɗan tsinke.

"Zan iya tafiya da wannan?"

"Kaset dai na gwamnati ne, ko da yake ban san wacce ba. Kaba kuwa ba wanda ya taɓa damƙa mini ita."

Na naɗe ta a hankici na kai gida. Ban taɓa ta ba sai da rana ta faɗi, yadda aka ce. Gidan ɗana da gas ake girki, sai na sa aka samo gawayi na hura a kasko a tsakar gida, surukata na leƙe ta taga tana tunanin tsufa ya fara taɓa ni. Ba wutar lantarki ranar ma. Nana ta zo ta zauna. Na gaya mata komai, har tsani, har akuya. Ita ce mutum na farko da ya ji.

Ban san abin da nake tsammani ba. Kila na zaci in ƙullin ya kwance wani abu zai kwance a kaina, in tuna abin da ban taɓa ji ba. Na sa farce a hankali. Kabar ta shekara hamsin ba ta ga ruwa ba. Ba ta kwance ba, ta dai marmashe, ta zama gari a tafin hannuna, har ban iya cewa nan ne ƙullin yake ba.

Nana ta leƙa hannuna, ta dube ni.

"To ka yi ƙarya mana, Tsoho. Baba ya ce duk kasuwa ba wanda ya kai ka."

Gaskiya ubanta ya faɗa. Na buɗe baki. Ƙarshe uku suka zo mini a take, duka masu daɗi: ƙwarya ta haɗe, gari ya dawo da ludayi, sarakuna sun ji kunya. Da gero ne da na sayar kafin ta ƙifta ido. Amma ban san ko haka Inna Ige ta ce ba. Mace ce da ba ta yi wa yaro alkawarin abin da ba ta gani ba. Mai yiwuwa ruwan ya bi tsagar ya tsiyaye, kaji suka sha. Mai yiwuwa yarinyar ta leƙa ta ga kanta kawai. Ba na iya ɗora muryata a kan tata in ja wa sunanta layi. Mutum huɗu sun riga sun yi.

Da ina yaro na ɗauka tatsuniyar a kan sarakuna take, masu karɓe abin mutane. Na daɗe ina jin daɗin wannan fassarar don ba ni a ciki. Yanzu da na zauna na ga ba mai gari ne ya fara busar da ƙwaryar ba. Shi ɗauka ya yi. Ruwan kuwa a hannun masu ludayi yake, kuma kowa da uzurinsa ya ajiye nasa. Ni an ba ni nawa a hannu, silin kaba guda, aka ce riƙe zuwa magariba.

"Ban sani ba, amarya," na ce. "Ba kuma wanda ya sani."

Ta jira kaɗan ko wasa nake. Ladan ya kira lisha. Sai ga wuta ta dawo, talabijin ɗin falo da aka bari a kunne ya kama da kansa, ta taga ina hango wani babba riƙe da almakashi ana tafi, ba kowa a falon. Nana ta tashi ta tafi sa wayar uwarta a caji. A bakin ƙofa ta juyo.

"Ba ka faɗi na rufewa ba. Na takalmi."

"Ba ta tafi ba ai," na ce.

Ta ɗaga kafaɗa ta shige. Na zauna da garin kaba a hannu, na rasa inda zan zuba shi, ga alwala na jirana.